Ta'aziyyar Mawaƙi Euan Balgarvie da Neman Afuwa Kan Amshin Jidda

Cikin alhini da jimami, Ƙungiyar Zumunta ta Tsofaffin Ɗaliban Dundee Mazauna Makka, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Injiniya Idris Mailafiya, ta samu labarin rasuwar fitaccen mawaƙin rok kuma makaɗin jita ɗan ƙasar Scotland, Mista Euan Balgarvie, wanda ya rasu ranar Litinin, 14 ga Oktoba, 2024, a gidansa da ke birnin Dundee, yana da shekara sittin da ɗaya, bayan doguwar jinya. Mun jinkirta wannan sanarwa mako guda har sai da mai ɗakinsa, Madam Moira Balgarvie, ta tabbatar mana da labarin a rubuce, domin a bara an taɓa yaɗa irinsa ya zama ba gaskiya ba.

Marigayin ya jagoranci ƙungiyoyin kiɗa biyu: Tay Ferrymen daga 1987 zuwa 2009, sannan Slate Harbour daga 2011. 'Ya'yan ƙungiyarmu ta zumunta, waɗanda karatu ya kai su Dundee, sun san shi a wani ƙaramin zaure kusa da tashar jiragen ruwa, inda yakan hau dandamali ba takalmi, in tsirkiyar jitarsa ta tsinke ya zauna ya ɗaura wata yana ba jama'a labarin kakarsa. Mai girma Shugaba yana tuna cewa a 2006 suka fara zuwa, amma tikitin da Ma'ajinmu, Malam Yunus Zali, ya adana yana ɗauke da 17 ga Nuwamba, 2007, kuma da shi muka dogara. Su shida ne a ranar, dukkansu 'ya'yan unguwar Jarwal ta Makka da suka tashi da waƙoƙin bikin kakanninsu, don haka duk baitin da ya rera sai su mayar masa, kamar yadda 'yan amshi ke yi. Mutanen gari suka yi ta hararar su. Shi kuwa ya tsayar da kiɗa, ya sa aka haska su, ya tambayi sunan abin da suke yi. Tun daga ranar, in ya hango su, sai ya riƙa barin gurbi bayan kowane baiti domin su cike.

Wannan zumunci ne ya kawo shi Jidda ranar Juma'a, 6 ga Disamba, 2019. Daga unguwar Kudai ta Makka muka tashi a bas biyu, mutum hamsin da uku har da iyalai. Da ya kai waƙar da ya yi wa mai ɗakinsa, wadda ba ta samu zuwa ba, sai ya juyo da makirufo wajenmu, mu kuma muka ba shi amshi irin wanda ba mu taɓa ba shi ba, Uwar Ƙungiya Hajiya Dakta Haifa Mahadi ta rangaɗa guɗa. Babu wanda ya san cewa wannan ne wasansa na ƙarshe. Ciwon maƙogwaro ya kama shi a watan da ya biyo.

A wasiƙarta, Madam Moira ta roƙe mu abu guda. Waɗanda suka shirya wasan ba su adana sautinsa ba, ita kuma tana so ta ji muryar mijinta a karo na ƙarshe da ya rera mata waƙarta. Mun amsa mata nan take cewa muna da shi, kafin mu saurara. Kuskuren namu ne.

Kwamitin da Shugaba ya naɗa ya tattara ɗaukar sauti goma sha ɗaya daga wayoyin membobi, ya saurari kowace sau uku. Cikin takaici muke sanar da iyalan cewa a dukkansu muryoyinmu sun danne tasa. Waƙar minti biyar ce da daƙiƙa ashirin, amma inda ake jin sa shi kaɗai bai wuce daƙiƙa arba'in da bakwai ba. Mun kai wa wani masanin sauti a Jidda, ya ce in ya cire mu, muryar marigayin ma za ta tafi. Malam Yunus, wanda ya fi kowa kusa da dandamali kuma ya fi kowa ƙara, ya nemi a ambaci sunansa a nan domin ya ɗauki rabonsa na laifin.

An ba da shawarar a yanko daƙiƙoƙin nan kawai a aika. Bayan doguwar muhawara, ƙungiya ta yanke hukuncin aika waƙar gaba ɗaya yau, yadda take, tare da neman afuwa. Dalilinmu yana minti na uku da daƙiƙa goma sha biyu: nan guɗar Hajiya Haifa ta tashi, sannan aka ji wani yana dariya har ya kasa kama baiti na gaba. Mutum tara da ke layin gaba sun shaida cewa dariyar tasa ce.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Madam Moira, da 'yarsu Isla, da abokan kiɗansa na ƙungiyoyin biyu, da masoyansa a ko'ina. Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan rashi, Ya sanyaya zukatansu, Ya sa su samu a cikin hayaniyarmu abin da shi ya samu a ranar.

Sa hannu:
Nadiya Sa'ud Kabira
Sakatariyar Watsa Labarai
Kudai, Makka
18 ga Rabi'us Sani, 1446 (21 ga Oktoba, 2024)