Rijiyar Bayan Gidan Baba Idrissa

Beltsville, Maryland
6 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Baba Idrissa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan ka isa Damagaram lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna Ɗija, Ya kai haske kabarinta. A gaishe mini da yayarta, Hajiya Rumasa'u, da duk waɗanda kuke zaman makoki tare.

Baba, tun rasuwar mahaifina kai da Inna ne iyayena a ƙasar nan. Shi ya sa na roƙi shugabana a wurin aiki ya bar ni in rubuto maka da kaina kafin takardar hukuma ta iso ka.

Ka san filin nan da ke bayan gidanka na Laurel, wanda aka kewaye da waya, ciyawa ta cinye shi. Da can masana'antar haɗa sinadarai ce, an rufe ta tun kafin ka sayi gidan. Kamfaninmu aka ba aikin tsabtace wurin. Mun tono ganguna da aka binne, duk sun yi tsatsa sun huje. Abin da ke cikinsu, wani sinadari ne da ake wanke maiƙo daga jikin ƙarfe da shi, ya tsiyaye ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ruwan yana gangarawa rafi, kuma hanyarsa ta bi ta ƙarƙashin gidaje bakwai. Naka ne na farko.

Muna neman izininka mu shiga lambun bayan gida mu kwashe ƙasarsa mu zuba sabuwa. Na san lambun Inna ne, na san abin da nake roƙo. Amma ka kwantar da hankalinka: tunda unguwar duk ruwan famfo ake sha, likitocinmu sun ce hatsarin kaɗan ne. Na haɗo takardar da za ka sa wa hannu.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Surayya Kabir

Damagaram
15 ga Mayu

Ɗiyata Surayya,

Amin wa alaikumus salam. Hajiya tana amsawa, tana sa miki albarka.

Da na karanta takardarki, fushi na fara yi. Na ce garkar da Ɗija ta yi shekara goma sha biyar tana nomawa, rama da yakuwa da kuɓewa da tattasai, wata biyu da rufe ta sai a kawo mota a kankare? Har na rubuta miki amsa mai zafi. Na yage ta, don na sake karantawa na tsaya a kan layi ɗaya, inda kika ce duk unguwa ruwan famfo ake sha.

Ɗiyata, ba duka ba.

Shekarar da muka tare, ni da mahaifinki muna share bayan gida muka ga wani faifan siminti a gindin katanga. Muka sa ƙarfe muka ɗaga. Tsohuwar rijiya ce, ruwanta garau, ga sanyi. Kabir ya ce mini, "Idrissa, ka kai ruwan nan a auna kafin ka taɓa shi." Na yi masa dariya. Na ce, "Ni da na girma da ruwan rijiyar Mirriya, wani ɗan biro mai zaman ofis ne zai gaya mini ruwa mai kyau?" Ya ce, "Nan ba Mirriya ba ce." Ban ji ba. Na sa ɗan inji da tiyo, na rufe da akwatin katako, ban gaya wa hukuma ba don kada a ce in toshe.

Da farko ban-ruwan garka kawai muke yi. Daga baya Ɗija ta ce ruwan famfo warin magani yake mata, ta koma shan na rijiya. Ni yawanci ina gidan rediyo daga safe har yamma, can nake ci nake sha. Ita ce a gida.

Shekara talatin ina karanta wa mutane labarin gurɓatar ruwa a ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Makullin ƙofar baya yana wurin maƙwabciyata Chundung. Ki je ki auna.

Allah Ya yi miki albarka.
Babanki, Idrissa

Beltsville
29 ga Mayu

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karɓi makullin, na ɗebi ruwan da hannuna na kai ɗakin gwaji. Jiya sakamakon ya fito. Sinadarin da ke cikin rijiyar ya ninka abin da doka ta yarda a sha fiye da sau ɗari biyu. Ba shi da launi, kuma a wannan ma'aunin harshe ba ya jin sa. Ba yadda za a yi Inna ta gane.

Da na karanta, na fita na zauna a mota na daɗe ban tayar ba. Na tuna zoɓon da take cika mini gora da shi duk ranar Lahadi lokacin ina jami'a.

Dole na sanar da shugabana, kuma na sanar. An cire injin, an sa wa rijiyar kwaɗo. Ba wanda ke maganar hukunta ka. Abin da ake nema shi ne sunayen mutane. Ganyen lambun bai dame mu sosai ba, ruwan ne abin tsoro, musamman ga wanda ya daɗe yana sha. Ma'aikatar lafiya tana so ta duba su, don ciwon da abin ke haddasawa a ƙoda da hanta yakan daɗe bai nuna ba, kuma idan an gano shi da wuri ana iya tarar sa.

Baba, da na je karɓar makullin, Anti Chundung ta tambaye ni, "Surayya, lafiya kuka zo da kwalabe da safar hannu?" Na ce mata aikin ofis ne. Sai na hango jarkoki biyu a bakin kicin ɗinta, irin waɗanda ke garejinka. Ban iya tambayar ta ba. Kai nake tambaya.

'Yarka, Surayya

Damagaram
7 ga Yuni

Ɗiyata,

Na gaishe ki. Idanunki ba su yi miki ƙarya ba.

Masu shan zoɓo da kunu ranar suna ko salla suna da yawa, na jera su a bayan takardar nan, mutum ashirin da uku, har da ke. Amma gidan da ya sha kullum, bayan namu, gidan Chundung ne. Da suka taso daga Jos ita da mijinta Jang, ba su san kowa ba, Ɗija ta riƙe ta kamar ƙanwa. Lokacin da Chundung take da cikin 'yarta Lizzy komai ta sha sai ta amayar. Ni, da bakina, na ce mata, "Ki gwada ruwanmu, na Allah ne, ba magani a ciki." Ya zauna mata. Tun ranar duk Asabar nake cika jarka in miƙa ta kan katanga. Lizzy shekararta takwas yanzu. Da ruwan nan aka dama mata abincin yaye.

Kuma Chundung ɗin nan ce, in ta taso daga aikin jinya a asibiti, ba ta shiga gidanta sai ta biyo ta juya Ɗija ta gyara mata shimfiɗa, wata bakwai cur da Ɗija ta yi a kwance.

Yanzu zan tambaye ki abu ɗaya, ki amsa mini a matsayin injiniya, ba a matsayin ɗiya ba. Likitoci sun ce sankarar ƙoda ce ta kashe Ɗija. Ruwana ne?

Idrissa

Beltsville
16 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka. Na so in rubuto maka "a'a" in rufe takarda. Ba zan yi maka haka ba.

Ban sani ba, kuma babu likitan da zai iya rantse maka. An tabbatar sinadarin nan yana jawo irin ciwon da ya kama Inna. Akwai kuma masu kamuwa da shi ba su taɓa kusantar irin wannan ruwa ba. Zai iya zama shi ne. Iyakar gaskiyar da nake da ita ke nan.

Ga abin da na sani tabbas. Ba kai ka binne gangunan ba. Waɗanda suka binne sun san abin da ke ciki, suka rufe da ƙasa suka tafi. Ka yi kuskure da ba ka auna ba, ba zan ce ba ka yi ba. Amma da ka yi shiru a takardarka ta farko, da har yau Lizzy tana sha.

Aiki ya fara a filin. Motoci suna kwashe ƙasar da ta ɓaci zuwa inda ake killace ta. Mun kafa injinan da za su riƙa zuƙo ruwan, su tace shi ta cikin gawayi, su mayar. An ce sai ya kai shekara ashirin ko fiye kafin ya koma ruwa. Rijiyarka za a cika ta da siminti. Saura lambun, yana jiran sa hannunka.

Ranar da aka kulle rijiyar na gaya wa Anti Chundung ta zubar da abin da ke jarkokin, kada kowa ya ƙara sha, na ce bayani yana tafe. Ta dube ni, ta ce, "To." Ma'aikaciyar jinya ce, na san ta fara lissafi a ranta. Ranar ɗaya ga Yuli ma'aikatar lafiya za ta aika wa mutum ashirin da ukun nan da gidan Anti Chundung takardu. Ba zan iya ɗaga ranar ba.

Allah Ya ba mu ikon ɗauka.
'Yarka, Surayya

Damagaram
20 ga Yuni

Ɗiyata,

Ga takardar, na sa hannu. Ku kwashe garkar.

Jiya na zaunar da Hajiya Rumasa'u na gaya mata komai. Ta yi kuka, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da safe ta aiko mini da koko.

Na sauya tikiti. Zan sauka ranar Alhamis, ashirin da bakwai ga wata, ƙarfe huɗu na yamma. Ba na so Chundung ta ji wannan magana daga takarda a cikin ambulan. Ki zo ki ɗauke ni, kuma kada ki tsaya a ƙofata. Ki wuce da ni ƙofarta.

Allah Ya yi miki albarka.
Babanki, Idrissa