Tsiren Kaza Da Ƙasar Tsakar Gidanmu

Pamekasan, Madura
9 ga Yuni, 1993

Zuwa ga 'yata Horriyah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jikana Ilyas, da mijinki Wouter, wanda har yau babanki ke kira Dogo don sunan ya ƙi zama a bakinsa. An ce rani kuke yi yanzu a Holan, wato ruwan samanku ya ɗan yi ɗumi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar babanki. Babbar Sallah ta wuce, duk ɗan Madura mai uwa a raye ya sauko gida, har masu tura amalanken tsire a Jakarta. Sai tawa 'yar kaɗai ce ba a gani ba.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce bikin ranar haihuwar surukinki na tafe, kina so ki yi wa dangin mijinki tsiren kaza da hannunki. Kin ce idan ya yi kyau, a can za ki yi bikin sauke Ilyas ƙasa in ya cika wata bakwai, tunda tafiyar jirgi da jariri wahala ce. Wato ƙafar jikana, da ba ta taɓa taka ƙasa ba, za ta fara sauka a kan laka da aka ƙwato daga bakin teku, wadda ko masu ita ba su yarda da ita ba sai sun yi mata ganuwa. To, madalla. Ke da hayaƙin rumfar tsirena ke sa ki tari, kike toshe hanci ki wuce makaranta, yau ke ce mai neman sanin tsire. Ga shi nan.

Na ga hoton da kika sako na abin da suke kira tsire a can. Na miƙa wa babanki, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya ce, "Misnatun, wannan kaza ce ko soson wanka?" Ƙirji ne suka yanka gunduma-gunduma. Ke cinya za ki saya, da fatarta, ki yanka ƙanana kamar kan babban yatsa. Wajen soka su a tsinke, ki riƙa sa guntun fata a tsakani, ita ce za ta ɗiga ta shayar da naman. Ki jiƙa tsinken a ruwa tukuna, in ba so kike ki ciyar da surukanki toka ba.

Wuta kuwa, gawayin ɓawon kwakwa ake so. Na san ba ku da shi, ki nemi kowane irin gawayi, amma kada na ji kin sa naman a akwatin gas ɗin nan, wannan jinya ce ba gashi ba. Ki bari wutar ta faɗa, garwashi ya yi ja, sannan ki ɗora. Hannu ɗaya na fifita, ɗaya na juyawa. Ki ba Dogo maficin, tsawon nan nasa ya yi amfani ko sau ɗaya ne.

Miyar gyaɗa ba daga kwalba take fitowa ba. Na ji suna kwasar man gyaɗar da yara ke shafa wa burodi su dama da ruwa, kuma ba wanda ya kama su. Ki soya gyaɗarki, ki niƙa da tafarnuwa da barkono da mazarƙwailar kwakwa, ki dafa har mai ya taso sama. Ki ɗebi kaɗan ki gauraya da kecap, baƙin romon waken soyan nan mai zaƙi, ki tsoma tsiren a ciki kafin wuta, ki sake tsomawa in ya yi rabin gasuwa. A gefe ki yanka kokwamba da ƙananan jajayen albasa da ɗanyen barkono a ruwan tsami, ki ajiye lemun tsami da soyayyar albasa. Soyayyen dankalin nan da farin mayonis da na gani a hoton, kada su kusanci farantina. Surukarki Marijke ta riƙe abinta.

Saura lontong, wanda in babu shi tsire maraya ne. Ki wanke shinkafa, ki naɗe ganyen ayaba kamar bututu, ki zuba rabi kawai don za ta kumbura, ki soke bakin biyu da tsinke. Ki nutsar da su a ruwa, su yi ta tafasa daga hantsi har azahar ta gota, kina ƙara ruwan zafi. Idan sun dahu ki sauke, shi ke nan.

Ki shafa mini kan Ilyas. Ɗayan sunan da suka liƙa masa ban riƙe ba. Ki gaida Dogo.

Mahaifiyarki,
Misnatun


Pamekasan
21 ga Yuni, 1993

Zuwa ga yayata Juhairiyah,

Assalamu alaikum, Yu, yayata. Ina gaisuwa, ya jikin naki, ya yara, ya Surabaya da hayaniyarta? Allah ya ƙara sauƙi. Ina rubuto miki ne ki fara shirin ƙetarowa ƙarshen Agusta, ki zo mini da babbar tukunyarki. A tsakar gidan nan za a sauke Ilyas ƙasa, inda aka sauke uwarsa, inda aka sauke ni da ke.

Za ki ce ai Horriyah ta ce a Holan za ta yi. Bari ki ji. Ta nemi na koya mata tsire ta takarda, kamar maganin asibiti, na kuwa rubuta mata komai tsaf. Abu ɗaya na riƙe. Ban ce mata in an sauke lontong a watsa masa ruwan sanyi, a jera shi tsaye a kwando ya tsane, a bar shi ya kwana ya sandare kafin wuƙa ta taɓa shi ba. Kin san mutanen can, an ce komai sai yana tururi suke ci. Za ta kai shi tebur da zafinsa, ta buɗe ganye gaban surukai, kunu ya kwararo.

Maigidana Matrawi ya karanta wasiƙar kafin ya kai gidan waya. Kin san shi, ba ya iya ɗaure bakin ganye amma ido gare shi.

Ya ce, "Ina kwandon?"

Na ce, "Wane kwando?"

Ya ce, "Misnatun, ki ji tsoron Allah. Yarinyar nan ita kaɗai ce a cikinsu, ba ta da kowa a can. So kike su yi mata dariya?"

Na ce, "Su yi mana. Dariyar kwana ɗaya ta kashe wa? Ta ji kunya, ta gane biki ba a yin sa babu uwa, ta ɗauko mini jikana."

Ya ce, "In kuma ba ta gane hakan ba fa?"

Na ce, "Kai dai je ka manna kan sarki, tun da aka aura mini kai ban ga ka gane wani abu kafin ni ba."

Ya tsaya yana sosa gwiwa, sannan ya tafi. Na bi shi da ido har kwana don kada ya ƙara wani abu a bayan takardar.

Yu, ba mugunta ba ce. Ki duba wa za ta tara a can. Wane malami ne zai yi addu'a? Wa zai daka wainar shinkafa mai danƙo da yaro ke fara takawa? Wata Marijke, wadda aka ce abincin ranarta burodi ne da cuku, a tsaye, kamar mai jiran mota. Matar da ta haifi ɗa ya kai ƙofa tsawo ba ta taɓa ciyar da shi abu mai barkono ba, ita ce za ta riƙe ƙafar jikana? Tun da yarinyar nan ta tafi aikin jinya ta haɗu da su, ba na barci sosai, wannan ke kaɗai nake gaya wa. Amma zama na yi kuka ba halina ba ne.

Na riga na yi wa malaminmu Kiai Bahrawi magana. Na ware kaji, ina ba su dusa. Ki gaida mutanen gida, kada ki manta da tukunyar.

Ƙanwarki,
Misnatun


Pamekasan
6 ga Satumba, 1993

Zuwa ga 'yata Horriyah,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Ilyas, da mijinki. Mu ma lafiya. Innarki Juhairiyah ta zo ta koma, ta ce a gaishe ki.

Shirun da kika yi wata biyu, na ɗauka kunya ce. Na ce yarinya na haɗa kaya. Na sa aka share tsakar gida, aka cike ramin da ke gindin mangwaro, aka yi wa katanga farar ƙasa. Maƙwabta duk sun san ranar. Sai ga wasiƙarki shekaranjiya, da hoto.

To, na karanta. Lontong ya caɓe a gaban mutane, kin shige kicin kina kuka. Marijke ta biyo ki, ta rungume ki, ta ce ba komai 'yata, ta soya dankali, aka ci tsiren da shi har ana lashe tsinke. Ai dole su lashe, mutanen da ba su taɓa cin kaza mai ɗanɗano ba. Wai har ta kwashe kunun ta ci da cokali ta ce ya yi daɗi. Wannan ko dai maƙaryaciya ce ko harshenta ya mutu, kuma na ga yanzu Mama kike kiranta, har sau biyu a shafi ɗaya.

Na ga inda kika kira ni Emak, yadda muke kiran uwa a nan, kika rubuta, "Emak, da na buɗe ganyen sai na tuna kwandon nan na bayan ƙofa, da lontong a tsaye cikinsa kullum safiya. Ke ba kya mantuwa, Emak." Gaskiyarki, ba na yi. Na karanta wa babanki wurin, ya tashi ya fita, bai ci abincin rana ba. Ya sami abin da zai riƙe ni da shi har kabari, wannan ya fi ba ni haushi.

Hoton kuma na duba shi da kyau. Ciyawa ce aka aske kamar kan soja, a bayan gidan surukarki. Wani Basuriname, baƙo irinki a ƙasar, da kuka samo a masallaci na addu'a da kwat. Wainar da yaron ya taka ba ta daku ba, daga nan ina hango ƙwayoyin shinkafar. Tire ɗin da aka ajiye masa ya zaɓa don a ga abin da zai zama, na ga tasbaha da alƙalami da madubi, ban ga masara ba. Kin ce cokali ya ɗauka. Hannun da ke riƙe da ƙafarsa fari ne, mai zobe. Ƙafar kuwa tamu ce, babban yatsan a karkace irin na babana, ban san haka take ba sai a hoton nan.

Kajin na gasa su ranar Juma'a na raba wa maƙwabta, tunda an riga an gaya musu. Matar maƙwabcinmu Sahwan ta ce, "Uwargida Misnatun, ina jikan?" Na ce mata, "Ci ki tashi, ba ke kika haifa ba." Tsiren ya yi kyau, ban taɓa yin kamarsa ba.

Ga sauran abin da kika tambaya. In kin sauke lontong, ki watsa masa ruwan sanyi ki wanke yauƙin ganyen. Ki jera su tsaye a kwando, kada ki kwantar, ruwan ya tsane ta ƙasa. Ki bar su su kwana. Da safe ki shafa wa wuƙa mai, ki yanka a karkace. Ba abin da ya rage kuma, duk abin da na sani ke nan.

A cikin ƙunshin nan akwai kecap kwalba ɗaya, da mafici, da wani ɗan gwangwanin shayi da na naɗe da tsumma. Ba shayi ba ne, kada Dogo ya dafa. Daga gindin mangwaro na ɗebo, daidai inda kika fara takawa. In ma'aikatan kwastan ɗinsu ba su zubar ba, ki zuba a faranti, ki ɗora masa ƙafa a kai, ta dama tukuna, ki yi bisimilla. Ki yi lokacin da Marijke ba ta nan. Na san irinsu, da ta ga ƙasa a ƙafar yaro za ta ɗauko sabulu.

Ki bar masa ƙasar ta kwana a ƙafarsa.

Mahaifiyarki,
Misnatun