Kifin Mutum Biyu a Busan

Juma'a, 17 ga Oktoba
Na yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Busan. Ni kaɗai. 'Yata Da-hye sai kira take: "Mama, ke da ba ki taɓa tafiya babu Baba ba, ki bari in samu hutu mana." Tun rasuwarsa bara take lallaɓa ni kamar ƙwai. Na ce mata zan je, kuma da ƙafata zan dawo.

Asabar, 18 ga Oktoba
Na ɓata a tasha. Ban kira kowa ba, na yi ta karanta alluna har na fita.

Wata unguwa ta kan tudu mai gidaje kala-kala, na hau ta, gwiwa na ƙara. Ko'ina mutane bibbiyu. Na ɗauki hoton teku, rabinsa yatsana ne.

Da rana, kasuwar kifi. Gidan abinci na farko suka ce gasasshen kifi sai mutum biyu. Na gaba ma haka. Na tsaya a bakin titi, kunya ta ishe ni, kamar in koma masauki in ci burodi. Na ƙi.

A na uku na riga matar da ke sayar da abincin magana: "Na mutum biyu za ki kawo."

"Ɗayan yana hanya ne, Yaya?"

"Ba zai zo ba."

Ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba. Da ta kawo, sai ta jawo kujera ta zauna tana cire min ƙaya. Sunanta Bok-rye. Nata mijin a teku ya rasu. "Ci, Yaya. Su sun huta, mu aka bari da yunwa." Na yi dariya da kifi a baki. Na ce ta ƙaro yaji. Mijina Yong-cheol ba ya cin yaji, shi ya sa na daina sawa a girki, har na manta ina so.

Na cinye tas.

Lahadi, 19 ga Oktoba
Ƙafa ta kumbura. Duk da haka na je bakin teku, na cire takalmi, na shiga. Ruwan da sanyi.

Litinin, 20 ga Oktoba
Gida. Da-hye ta kawo miya, tana ta leƙen fuskata ko na yi kuka. Na yi, kaɗan, a jirgi. Wai wata mai zuwa za ta kai ni Gyeongju, mu biyu. Na ce to.

Ban dai gaya mata na duba lokutan jirgin zuwa garin Mokpo ba. Ba wai zan je ba ne. Dubawa kawai na yi.