Ƙaho uku a bayan Hajo

Yelwa, daren Talata

Likita yana zaton ciwon daji na jini ne ke damun 'yata Hajo. Ya bar ni na leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. Ƙwayoyin da yake kira farare sun cika gilashin da ya shafa wa jininta, ni kuwa shuɗɗa na gan su. Me ke sa su yawaita haka a jikin 'yar shekara huɗu?

Kafin in dawo gida, Inna ta sa wanzami ya yi wa Hajo ƙaho uku. Ta ce, "Tun da ruwan dam yac ci gungunmu na tsakiyar kogi jinin ɗiyag ga yal lalace. Ga shi an zuƙe."

Na duba jinin da ke cikin kaskon wanzamin. Ja ne, irin na kowa. Tsagar dai ba ta daina zuba ba sai bayan isha'i.

An aika gilashin Ibadan don a tabbatar. Amsa ba ta zo ba tukuna.