Baƙar Tsakuwa Ɗaya

Litinin, 6 ga Maris, 2023

Sun ɗora min rubuta tarihin zaurenmu na Masoniyya, ƙungiyar nan ta 'yan'uwantaka mai rantsuwar sirri, wai bana ya cika shekara ɗari. Shugaba Mikhayil ya ce, "Kai ne tsohon malamin makaranta, Abu Shakib, wa ya fi ka alƙalami?" Daɗin baki kawai. Na kwaso littattafan zama goma sha ɗaya, duk warin ɓera.

Laraba, 8 ga Maris

Mutum bakwai suka kafa shi a nan garinmu Zahle, a saman shagon wani kafinta. Kafintan kakan abokina Nakhle ne, wanda muke tare tun muna tsirara. Kakan ne ya sassaƙa akwatin ƙuri'armu, ya tsinto tsakuwoyin daga rafin Bardawni: fara ta amincewa, baƙa ta ƙi. Baƙa ɗaya tak ta isa a rufe wa mai son shiga ƙofa. Kuma mun rantse ba mai faɗin wadda ya jefa, har kabari.

Asabar, 11 ga Maris

Littafi na bakwai, 1979. Na san zan iso nan, shi ya sa nake ta jan ƙafa. "Nakhle: fari goma sha takwas, baƙi ɗaya."

Na rufe. Kofin ma ya huce ban sha ba.

Talata, 14 ga Maris

Ni ne. To, na rubuta.

Hannu ake zurawa cikin akwatin, ido ba ya gani. Shekara arba'in da huɗu ina gaya wa kaina kuskure ne, yatsa ne ya zame. Nakhle kuwa tun ranar ya ɗora wa yayansa Tanyus laifin, don shi ma yana zauren kuma ba sa jituwa. Ko jana'izar uwarsu, kowa gefensa ya tsaya. Tanyus ya rantse ba zai faɗa ba, bai faɗa ba, jakin mutum mai amana! Ni kuma duk Lahadi ina gidan Nakhle ina cin kibbe.

Juma'a, 17 ga Maris

Warde, matata, ta ce, "Tarihi kake rubutawa ko takaba kake yi?" Na ce ta bar ni. Ta ce, "Abokinka Nakhle dai likita ya sallame shi ya koma gida, ka san abin da hakan ke nufi."

Na sani mana.

Lahadi, 19 ga Maris

Na je. Ya rame, wuya kamar na kaza, amma bakin yana nan. "Mai tarihi! Ka rubuta cewa jikan mai akwati ne akwatin ya kora?" Na ce Tanyus na tambayar jikinsa. Ya ce, "Ya tambayi tsakuwarsa." Ya juya fuska bango.

In na faɗa, na karya rantsuwa, na rasa aboki. In na yi shiru, ya tafi yana tsine wa ɗan'uwansa a kan laifina. Gaba kura, baya sayaki. Wallahi na tsani kaina.

Talata, 21 ga Maris

Ba kuskure ba ne. Tsakuwar fara santsi gare ta, baƙar kaushi, makaho ma ya san bambancin. Ko'ina muka shiga Nakhle ake gani, ni ɗan rakiya. Zauren nan kaɗai ne nawa. Shi ke nan dalilin, ba wani.

Alhamis, 23 ga Maris

Na karɓi mabuɗin zaure, na ce zan auna akwatin don tarihi.

Juma'a, 24 ga Maris

Ban ce komai ba, don haka ban san ko na karya rantsuwa ba. Na buɗe tafin hannun Nakhle na sa baƙar tsakuwar da na ɗauko daga zaure na rufe. Ya murza ta da yatsa, ya daɗe. Ya ce, "Kai?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Kibbe nawa ka ci a gidan nan, ɗan banza?" Bai yi dariya ba. Sai ya ce wa 'yarsa, "Kira min baffanki Tanyus. Wannan kuma nuna masa ƙofa."

Bayan na gama zaman banza a tsakar gida, a matakalar fita na yi kiciɓis da Tanyus, yana hawowa da sanda yana haki, rigarsa a bai-bai. Na matsa masa ya wuce.

Ban sani ba ko za a sake buɗe min gidan. Da na dawo na ci abinci har na nemi ƙari, Warde tana ta kallona. Yunwa ce kawai.