Ardon da ya sa hannu daga kabari

Daga: Labbo Shitu, makiyayi, Gwashi
Ta alƙalamin: Haladu mai rubutun wasiƙa, Bukkuyum
Zuwa ga: Mai girma Sakataren Kwamitin Shaidar Mallakar Shanu
14 ga Maris, 2016

Game da: Takardar shaidar da ta mayar da mai sa ɓarawon sansa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, mai ƙorafi yana tunatar da ofishinka cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

1. Ranar 2 ga wannan wata, ofishinka ya ba Labbo takardar shaidar cewa jan bijimin da ya raina tun yana maraƙi nasa ne.

2. Ranar 4, a shingen hanyar Gummi, aka ga sunan Ardo Faruku a kan takardar a matsayin mai shaida. Ardo Faruku, Allah ya jiƙansa, ya cika shekara biyu a ƙasa. Nan take aka tsare bijimin, aka kira Labbo ɓarawon shanu a gaban jama'a.

3. Labbo ya koma wurin Malam Bature, mai kwamfutar ofishinka. Bayaninsa shi ne, a ainihin fayil ɗin takardar da ke cikin kwamfuta ba a rubuta sunan Ardo ba, sai wata 'yar alama, &ardo;, kuma can saman fayil ɗin aka bayyana sau ɗaya wanda take nufi. Da Ardo ya rasu, Bature ya sauya sunan a saman fayil ɗin zuwa na sabon Ardo, ya kaɗe hannu ya tafi shan shayi.

4. Ashe tun 2013 aka bi da fayil ɗin ta wani tsari, XSLT, mai juya shi zuwa takardar bugawa. Shi kuwa tsarin nan, in ya juya, sai ya zuba sunan gaba ɗaya a gurbin alamar, ya watsar da bayanin saman. Tsohuwar takardar da aka juya tun 2013 ake ta bugawa, marigayi yana ta aiki ba hutu.

5. Bature ya ce sake juyawar aikin minti biyar ne, amma sai da izininka. Yau kwana goma ke nan ana jira.

Saboda haka Labbo yana roƙon a ba da izinin, a buga sabuwar takarda, kuma wakilinka ya karanta ta da ƙarfi ranar kasuwa. Ranka ya daɗe, mutumin nan ya yi kuka a gabana, ni Haladu mai rubutu. Maƙwabtansa sun daina haɗa garke da shi. Ya ce in rubuta cewa ko bijimin bai dawo ba ya yafe, sunansa yake so a mayar masa.

Da matuƙar biyayya,
Labbo Shitu
(ya dangwala yatsa)