Giyar da Za a Zuba wa Inna

Litinin, 11 ga Satumba

Inna ta ɓullo da sabuwa. Wai sai ta zaɓi giyar da za mu riƙa zuba mata a teburin da muke jera wa magabata abinci, bayan ta mutu. Muna cikin cin abinci ta faɗa, kamar mai zancen kabeji. Na ce, "Haba Inna, ana cin abinci?" Ta ce, "To yaushe kake zama in ba lokacin ci ba? Baban Su-a, buɗe kunnenka. Farar giyar shinkafar nan da kuke zuba wa ubanku ba ta shiga bakina, ina raye ko ba na raye. Mai zaƙi nake so."

Na tashi na bar miyata.

Laraba, 13 ga Satumba

Matata Hye-ran ta bi bayan surukarta. Wai tun tana amarya Inna ke dafa wa matattun gidan nan, ba wanda ya taɓa tambayarta me take so. To ni na kafa al'adar? Matata da uwata sun haɗe min kai, sai bin bango nake yi a gidana.

Asabar, 16 ga Satumba

Inna ta sa ni tuƙi har garin Muju, wajen wata mata mai haɗa giya. Matar ta jera ƙananan kofuna, Inna ta gyara zama. Giyar tuffa, wai ruwan yara. Ta zuma, wai maganin tari. Da aka zo kan ta inabin daji, ja wur, sai ta lumshe ido ta sake miƙa kofi.

Na ce, "Likita fa ya hana ki zaƙi."

"Likitan zai bi ni can ne?"

Matar ta tambaya bikin wa za a yi. Inna ta ce, "Nawa ne, sai dai ba da ƙafata zan zo ba." Suka tuntsire da dariya. Kai! Ni ban ga abin dariya ba, na fice na zauna a mota.

Kuma bayan duk wahalar nan hannu rabbana ta fito, ba ta sayi komai ba. Wai ni zan zuba, ni zan saya da hannuna.

Lahadi, 17 ga Satumba

Ba zan saya ba. Mutum na zaune da ransa a saya masa wannan?

Alhamis, 21 ga Satumba

Baffa Deok-bae ya kira, ihu tun kafin gaisuwa. "Jar giya a teburinmu? Uwarka ta rikice, kai ma ka rikice?" Abin haushi, bakinmu ɗaya da shi, amma da ya ce ta rikice sai na kasa jurewa. Na ce miya na ƙonewa, na kashe waya.

Talata, 26 ga Satumba

Asibiti. Likitan ya daɗe yana bayani kan zuciyarta, ni yake kallo, ba ita ba.

A hanya, da muka zo mararrabar Muju, ta ɗan juya kai. Ban karya kwana ba. Can ta yi barci, baki a buɗe. Yaushe ta zama ƙarama haka? Tsoro nake ji. To, na rubuta.

Juma'a, 29 ga Satumba

Bikin kakar girbi, ranar jera wa magabata tebur. An zuba wa marigayi Baba farar giyarsa, an durƙusa, Baffa ya gyara min jeren kifi kamar kullum.

Jiya na je Muju. Mota ce take buƙatar doguwar tafiya.

Da muka zauna cin abin da aka sauke daga teburin, na ɗauko kwalbar jar giyar da na sayo, na durƙusa gaban Inna, na zuba da hannu biyu. Baffa ya zaro ido. Na ce, "Baffa, wannan ta mai rai ce, ba ruwan magabata." Ya yi tsaki ya koma kan namansa.

Inna ta leƙa kofin. "Rabi? Haka za ka riƙa yi min rowa a gaban ubanka? Cika shi, ka koya tun ina nan."

Na cika. Kaɗan ta zube.

Jiya a Muju na tambayi mai giyar nan ko duk shekara take haɗawa. Ta ce duk shekara. Tambaya kawai na yi.